Kwalbar Jinin Malam Sale

Gwaram,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata, mai sunan mahaifiyata, Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ki Ibadan lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da malamai masu tsoronsa da abokan zama na kirki. Wannan takarda Innarki zan ba, ta sa miki a jaka. Ki bari sai kin sauka kin huta sannan ki karanta.

Babu labarin gida a cikinta, don ba abin da za ki bari a nan wanda ba ki sani ba. Ranar da kika nuna mini takardar ɗaukarki karatun digiri na biyu, na karanta abin da za ki yi bincike a kai, wato yadda ƙwayoyin cuta suke narkar da bangon jikinsu da sinadarin da su da kansu suke yi. Kin ga na yi shiru, kin zaci ban ji daɗi ba. Na ji daɗi ƙwarai. Abin da ya ɗaure mini baki shi ne, wannan abu da za ki je ki karanta ya taɓa ratsa rayuwata ta hanyar da ba ta da daɗin faɗa, kuma ban taɓa gaya miki ba. Yau zan gaya miki, don na fi so ki ji daga bakina.

Lokacin shekarata biyu da fara aiki a ɗakin gwaji na asibiti a Birnin Kudu, ba a ma haife ki ba. Shugabana Malam Isyaku ne, wani siririn dattijo mara yawan magana, wanda ya koya mini duk abin da na iya. Ya tafi hutun shekara ya bar mini ɗakin ni kaɗai, ni kuwa ina jin kaina kamar na gama sanin aiki.

Wata ranar Laraba aka kawo wani bawan Allah daga Zandam, sunansa Malam Sale, malamin Islamiyya ne. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuyansa kuma ya ɗan ƙage. Likita yana shakka tsakanin sanƙarau da maleriyar da ta hau kai. Ya nemi a ɗebi ruwan ƙashin bayansa, 'yan'uwansa suka ƙi saboda tsoro. Sai ya ce a ɗebi jini a kawo mini, sannan a fara yi masa allurar fenisilin tare da maganin maleriya. Wata nas da ake kira Sista Lami ta ɗebi jinin, ta zuba a kwalbar da muke renon ƙwayoyin cuta a ciki, ta kawo mini da hannunta, ta rubuta lokaci a gabana. Na ɗiga kaɗan a gilashi na duba a madubin gwaji, na kuwa ga maleriya. Kwalbar na sa ta a akwatin ɗumi.

Kin fi ni sanin ƙa'idar yanzu. Kullum da safe a ɗaga kwalba a duba. Da zarar ruwan ya fara gurɓacewa, a ɗebo a shafa a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a rina a gilashi a duba, ba jira. Ranar Juma'a da safe na ɗaga kwalbar Malam Sale a bakin taga, na ga ta fara gurɓacewa. Na gani da idona, Ummi. Amma farantan da na zuba sun ƙare, sai na dafa sababbi na jira su sandare, aikin kusan awa biyu. Ga shi abokina yana da ɗaurin aure a nan Gwaram bayan sallar Juma'a, ga shi ban fi mako ba da sayen sabon babur, ina so abokai su gan ni a kai. Na ce a raina, ai ƙwayar cuta ba ta da ƙafa, inda na bar ta nan zan same ta. Na mayar da kwalba, na kulle ɗaki, na hau babur.

Ranar Litinin na tarar ruwan ya yi duhu kamar tsohon jiƙon tsamiya. Na rina na duba, ba komai sai tarkace ja-ja. Na shafa a faranti, washegari farantin nan fes. Na ɗauki biro na rubuta cewa babu abin da ya tsiro. Ban rubuta abin da na gani ranar Juma'a ba.

Likita ya karanta, ya duba Malam Sale da ya fara zama yana shan kunu, ya ce to maleriya ce, a tsayar da allura, a sallame shi. Bayan kwana tara aka dawo da shi a bayan mota bai san inda yake ba. Wannan karon 'yan'uwa suka yarda aka ɗebi ruwan baya. Malam Isyaku ya dawo daga hutu, shi ya duba. Ga ƙwayoyin sanƙarau nan bibbiyu, sun sha rini sun yi shunayya, sun cika gilashi. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma kunnensa na hagu ya mutu, na dama kuma rabi ya rage.

Abu na farko ke nan. Duk abin da aka miƙo miki a kwalba ko a faranti, ki tuna akwai wani a kwance yana jira, ko da ba ki san fuskarsa ba. Idan aiki ya nuna alamar ya kai, ki yi shi a lokacin, biki ya jira. Kuma ki rubuta abin da idonki ya gani, har da wanda zai nuna kin makara. Da na ƙara layi ɗaya a takardar nan, na ce ta gurɓace ranar Juma'a amma ban shafa ba sai Litinin, da likita bai tsayar da allura ba. Makarar ta yi muni, amma layin da na ƙi rubutawa ya fi ta.

Na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Likita ya kira mu ofis, ni da Sista Lami, ya tambaya yaya aka yi gwajin farko bai nuna komai ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Yallaɓai, wataƙila bayan an yi masa allura aka ɗebi jinin. Idan magani ya riga ya shiga, ba ta tsirowa."

Sista Lami ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Habu, a gabanka na rubuta lokaci."

Na ce ban tuna ba. Aka ba ta takardar tuhuma, aka ɗauke ta daga ɗakin maza aka mayar ɗakin haihuwa.

Bayan kwana biyu na shigo da safe na tarar da Malam Isyaku a zaune, ga kwalbar nan a gabansa. Ashe na tura ta can bayan kanta na manta ban wanke ba, ga suna ga kwanan wata a jikinta. Ya bari na gaishe shi, na rataye riga, sannan ya ce, "Habu, yaushe ka fara ganin ta gurɓace?"

Na ce, "Malam, ranar Litinin."

Ya ce, "Sake tunawa. Ba sauri nake yi ba."

Na ce, "Ranar Juma'a."

Bai zage ni ba. Ya tashi ya ɗauko faranti biyu daga cikin waɗanda ya shafa da ruwan bayan Malam Sale, ɗaya na kwana ɗaya, ɗaya na kwana uku. Ya ce in duba. A na farkon ƙwayoyin sun taru sun yi ɗigo-ɗigo a kumbure, suna ƙyalli. A na biyun tsakiyar kowane ɗigo ta lotsa, sai gefe ya rage, kamar gurbin dara. Ya ce, "Kowace ƙwaya tana da bango mai tauri da ya kewaye ta, shi yake riƙe ta kada ruwan cikinta ya fasa ta. Wannan irin da kake gani, idan ta yi yawa abinci ya ƙare mata, sai wani sinadari na jikinta ya kama cin bangon nan har ta fashe. Ranar Juma'a kwalbarka cike take da su. Kafin Litinin sun narkar da kansu. Gawarsu ka duba, ka rubuta babu kowa."

Sannan ya ce, "Ni ba zan kai ƙararka ba. Kai za ka kai kanka. Yarinyar nan tana can da takardar tuhuma a fayil ɗinta."

Kwana biyu ina kaiwa bakin ofis ina juyowa. A na uku na shiga na faɗa. Aka cire takardar daga fayil ɗinta aka sa a nawa, ƙarin girmana ya tsaya har wani lokaci. Na je na ba Sista Lami haƙuri, ta ce ta ji, ta ci gaba da aikinta. Kusan shekara in na gaishe ta sai dai ta ɗaga kai. An ce ta koma ɗakin maza, ta ce a bar ta inda take. Ranar da Innarki ta zo haihuwarki, naƙuda ta yi tsawo, Sista Lami ce a bakin aiki. Lokacin tashinta ya yi ta ƙi tashi. Ita ta karɓe ki, ita ta fito ta same ni a baranda ta ce, "Habu, ka samu mace, je ka yi mata huɗuba." Hannun matar da na yi wa ƙarya shi ne hannun da ya fara riƙe ki a duniya. Har yau ban san yadda zan gode mata ba, sai addu'a, yanzu kuma da ta rasu sai dai in ƙara.

Don haka idan kuskure ya fito a inda kike aiki, kada ki waiga ki nemi wanda ya fi ki rauni. Bakinki zai so ya yi sauri, kamar yadda nawa ya yi. Ki riƙe shi. Idan kuma kika dace da malami irin Malam Isyaku, wanda zai ce miki sake tunawa maimakon ya kira ki maƙaryaciya, ki kama shi da kyau. Ba a samun irinsu da yawa.

Saura Malam Sale. Shi ba wanda ya gaya masa komai. A wurinsa ciwo ne ya tafi ya dawo. Shekara biyu ina bi ta mahaɗar hanyar Zandam ina kawar da kai. Innarki ce wata rana ta ce mini, "Kai fa duk ranar da aka ambaci Zandam ba ka gama tuwonka." Na gaya mata komai. Ta ce, "To ka je mana. Me kake jira, sai ya mutu?"

Na je bayan an gama girbin gero. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiya. Ya daina koyarwa, domin aikinsa sauraron karatun yara ne, a ja wasali inda bai kamata ba ya gyara, yanzu kuwa ba ya rarrabewa. Ƙaninsa ya karɓi makarantar, shi ya koma gona. Ya yi mini maraba, ya ce, "Likita, dawo ta wannan gefen, wancan ya yi ritaya." Ya yi dariya. Kin san mutanenmu, duk mai farar riga likita ne.

Na zauna ta damansa. Abin da nake son in faɗa a hankali, dole sai da na ɗaga murya, har matan gida suka ji daga ciki. Na faɗa masa kwalba, na faɗa masa ɗaurin aure, har babur ban ɓoye ba. Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Na ji. Ka tafi yau." Ko ruwa ba a kawo mini ba. Na taso ina ganin daidai aka yi mini.

Bayan wata guda, ranar kasuwa, ina cikin aiki aka ce ina da baƙo. Malam Sale ne da sandarsa. Ya ce, "Na yi fushi da kai sati uku. Na huɗun na gaji. Na yafe maka, duniya da lahira. Amma ina da buƙata. Ina so in ga abin da ya cinye mini kunne."

Malam Isyaku ya ɗauko wani gilashi da muka ajiye na irin ƙwayar, ya saita madubi. Malam Sale ya cire hula, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe a sunkuye. Ya ɗago ya ce, "Waɗannan 'yan ɗigon? Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce su." Muka nuna masa wani gilashin na waɗanda suka narke, na yi masa bayani da ƙarfi a kunnen dama. Sai ya ce, "To Likita, Allah ba ya yin abu a banza. Don me zai halicci abu, ya sa masa abin da zai rushe shi a cikin jikinsa? Dole akwai amfaninsa." Na dubi Malam Isyaku. Ya ce, "Gaskiya an taɓa gaya mana a makaranta, amma ban riƙe ba." Ni kuwa na ce haka dai halittarta take. Malam Sale ya ce, "Idan kun samo amsa ku gaya mini." Ya sa hularsa ya tafi.

Tun daga ranar muka zama abokai. Kin san shi, shi ne tsohon da yake aiko mana da ɗanyar gyaɗa kowace kaka, wanda kuke cewa yana magana kamar mai kiran wani a gona. Yanzu kin san dalili. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, idan kin cuci mutum, ko da bai sani ba, ki je. Kada ki ɗauki shekara biyu kamar ni. Kuma idan kin je kada ki sa ran a yafe miki a ranar. Wanda aka cuta yana da haƙƙin ya yi fushinsa.

Akwai wani kuskuren da na yi a cikin gida, ke ma yana kanki. Kina da shekara uku kika yi ciwon haƙarƙari, numfashi sama-sama. Likita ya rubuta maganin ruwa, ya ce kwana bakwai. A kwana na uku kika warware, kina bin kaji a tsakar gida. Maganin yana sa ki gudawa, kullum sai an danne ki kina kuka. Na ce wa Innarki a bari haka, ta warke. Ta ce, "Likita bakwai ya ce." Na ce, "Ni da ke wa yake aikin asibiti?" Kin ga mutumin da ya ga abin da tsayar da allura ya yi wa Malam Sale, amma da abin ya zo kan 'yarsa tana kuka, sai ya manta.

Bayan mako na ga kwalbar a kwandon shara, babu komai a ciki. Ashe in na fita aiki sai ta goya ki ta shiga gidan maƙwabta, can take ba ki, don kada in ji kukanki ko in ga cokali. Na yi faɗa, na ce ta raina ni. Ta ce, "Ban raina ka ba. Amma in ciwon ya dawo, a bayana zai dawo." Kwana biyu ina ɗaure fuska. Ban taɓa ce mata ita ce da gaskiya ba sai da na zauna rubuta wannan takarda, na kira ta na gaya mata. Ta ce ai ta daɗe da sani, in tashi in ba ta wuri za ta yi shara.

Za ki je inda kowa yake da takardu. Za ki dawo da naki. Ki kiyayi ranar da za ki ce wa wani, ni da kai wa ya yi karatu. Innarki aji shida ta tsaya, amma a ranar ta fi ni hankali nesa ba kusa ba. Masu wanke kwalabe da masu shara a ɗakin gwajinku, ki gaishe su, ki saurare su, sun ga abubuwa da yawa. Kuma ke kanki in kin yi rashin lafiya a can, ki je asibiti, ki shanye magani yadda aka ce. Kada ki yi wa kanki likita don kina karatun ƙwayoyin cuta.

Na ƙarshe ke na yi wa, kuma bai daɗe ba. Kin tuna hutun ƙaramar salla, kina ajin ƙarshe a jami'a, abokaina biyu sun zo gaisuwa muna zaune a zaure. Kin kawo mana ruwa. Ɗayansu ya tambaye ki abin da kike karantawa, ni kuma na karɓe maganar, na ce ai akwai wata ƙwaya da take kashe kanta idan ta ga wuya. Sai kika durƙusa kika ce, "Baba, ba don ta kashe kanta take da shi ba. Da shi take girma." Kika fara bayani. Na katse ki, na ce shekara talatin na yi ina kallonsu, ki shiga ciki ki taya Innarki aiki. Kin tashi kin shiga ciki. Na ga yadda kika riƙe tiren.

Abin da ba ki sani ba, da kika koma makaranta kin bar kwafin aikinki na ƙarshe a kan kanta. Na ɗauka na karanta, da tabarau da ƙamus, kusan sati biyu. Abin da na fahimta ga shi, ki gyara mini in na yi kuskure. Bangon ƙwayar kamar saƙa yake, zagaye da ita ba ƙofa. Idan za ta ƙara girma, dole a tsinke wasu zaren a wani wuri, a sa sababbi a tsakani. Waɗannan sinadarai da kuke kira enzayim su ne masu tsinkewa, wasu kuma suna biye suna ɗinkewa. Idan ta tashi rabuwa biyu, su ne suke yanke tsakani kowace ta kama gabanta. Muddin tana cikin ƙoshi, tana riƙe da linzaminsu. Sai abinci ya ƙare, ko ɗinki ya tsaya, sannan yanka ya fi ƙarfin gyara ta fashe. Har na ga inda kika rubuta cewa fenisilin masu ɗinkin yake hana aiki, masu yankan kuwa su ci gaba, ƙwayar ta ƙarasa kanta. Shi ya sa ya fi kama wadda take cikin girma, wadda ta lafa kuwa tana iya tsira ta farfaɗo in an tsayar da magani da wuri. Na ajiye takardar na daɗe a zaune. Allurar da aka tsayar wa Malam Sale, da maganin da Innarki ta ɓoye ta ba ki, duk ga su a shafi ɗaya da rubutun 'yata.

Shekara talatin ina kallonsu, gaskiya ne, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Mutumin da ya tambaya malamin Islamiyya ne mai kunne rabi. Wadda ta amsa kuma na kore ta daga zaure.

Watan jiya na hau mota na je Zandam. Malam Sale ya tsufa ƙwarai, ba ya zuwa gona. Na zauna ta damansa na ce na kawo masa amsar tambayarsa. Ya ce wace tambaya. Na tuna masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Likita, kai dai ba ka da sauri." Na yi masa bayani yadda na iya, da misalin saƙa. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai ya ce, "Na gaya maka ba a banza ba ne. Wa ya samo?" Na ce 'yata. Ya ce, "Wadda aka haifa bayan kunnena?" Na ce ita. Ya ɗaga hannu ya yi miki addu'a mai tsawo, da muryar nan tasa, har maƙwabta suna amsawa da amin ta bayan danga. Ya ce in gaya miki ki je ki ƙaro, akwai saura.

Ki yafe mini abin da na yi miki a zaure, Ummi. Girman kai ne kawai. Idan wata rana wanda yake ƙasa da ke ya gyara miki magana a gaban mutane, ki bar shi ya kai ƙarshe. Zafin na ɗan lokaci ne. Kuma duk abin da kika saba gani kullum har kika daina mamakinsa, ki koma ki tambayi dalilinsa.

Idan na duba baya, ba na ganin wayona a ko'ina. Abin da nake gani mutanen da Allah ya kewaye ni da su ne, kowa ya rufa mini wani wuri da na bari a buɗe. Malam Isyaku, Sista Lami, Allah ya jiƙansu. Malam Sale, Allah ya ƙara masa lafiya. Innarki, wadda ta yi haƙuri da ni fiye da yadda na cancanta. Sai ke. Na gode wa Allah da ya bar ni har na ga wannan rana.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ko aiki ya yi yawa. Ki sa safar hannu, kada ki ci abinci a ɗakin gwaji ko da kowa yana ci. Ki riƙa kiran Innarki, ba za ta ce tana kewa ba amma za ta yi ta duba waya. Mutanen can yarensu daban, abincinsu daban, ki girmama su, ki koyi gaisuwarsu tun makon farko.

Ina da roƙo ɗaya. Duk abin da kika gano a binciken nan, ko ƙarami ne, ki rubuto mini. Ki rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, don idona ya fara gajiya kuma ƙamus ɗin nan yana ba ni wahala. In ban gane ba zan tambaya, kada ki ji nauyin maimaita mini. Na sayi sabon littafin rubutu mai bango shuɗi, na rubuta sunanki a shafin farko a matsayin malama, nawa a ƙasa.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya buɗe miki fahimta, ya sa iliminki ya amfani marasa lafiyar da ba za ki taɓa gani ba. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu.